Inna Ba Sambatu Take Yi Ba

Zuwa ga Yayana abin girmamawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa irin wadda ƙanwa ke yi wa babban wanta, wadda ɓacin rai ba ya rage mata komai, ina fatan takardar nan za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da iyalinka gaba ɗaya. Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya sa albarka a aikinka, ya yaye maka ciwon bayan nan da ka ce yana hana ka zaman kujera. Mu nan gida lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maigidana tarin ya sake shi, ya koma kan motarsa yana ɗibar fasinja yana musun ƙwallo da su har su manta inda za su sauka. 'Yan biyuna sun shiga aji huɗu, macen ta fi namijin karatu, namijin ya fi ta baki, ka ga kowa ya ɗauko nasa rabon. Ƙanwarmu Auta tana nan da cikinta wata bakwai, ƙafa ta kumbura amma bakin bai kumbura ba. Shago yana nan yadda ka bar shi, keken ɗinki biyu, ɗaya na aiki, ɗayan kuma ya daɗe da zama wurin rataye ƙyallaye.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannuna a zamanin da kowa ke danna waya. Da gangan na yi. A waya kai ne mai magana, ni kuma aikina in riƙa cewa to Yaya, haka ne Yaya, har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Kuma na lura duk sanda na zo kan maganar da ba ka so, nan ne layi yake fara rawa a wajenku. Takarda ba ta katsewa, don haka ka gyara zama, ka sa matashi a bayan nan naka, ka karanta ta har ƙarshe.

Saƙon muryarka na saurare shi sau uku, na farko a tsaye, na biyu a zaune, na ukun ina kuka don haushi. Ka ce in bi abin da Kawu ya tsara, a mayar da Inna ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa na can bayan gari, wai tun da ɓarin jikinta ya shanye ba abin da take yi sai sambatu. Ka ce in daina kawo malamar jami'a tana naɗar muryarta, kada in mai da uwarmu abin kallo. Ka ce kuma takardar amincewar da Kawu ya aiko maka za ka sa mata hannu ka dawo da ita kafin ƙarshen wata, tunda hannunka da nasa sun isa ko da babu nawa. To bari in ba ka amsa tun yanzu don kada ka yi ta nemanta a ƙasan shafi: ban yarda ba, ba kuma zan yarda ba. Inna tana ɗakina na bayan shago, a kan gadona, kuma duk wanda zai fitar da ita sai ya fara bi ta kaina da keken ɗinkina. Inna ba sambatu take yi ba, Yaya. Magana take yi, mu ne ba ma ji.

Kai labarin Kawu kaɗai ka ji, to ga nawa. Ranar da ta faɗi a bakin famfo muka kai ta asibiti, kwana biyu ba ta ce uffan ba. Rana ta uku ta buɗe baki, muka yi ta hamdala, sai ga magana tana zuba, amma ko kalma ɗaya babu wadda muka gane. Ba in'ina ba ce, ba kuma nauyin baki ba. Magana ce sosai mai hawa da sauka, tana yi tana kallon mutum cikin ido tana jiran amsa. Nas-nas ɗin ɗakin, Allah ya saka musu, sun yi iya ƙoƙarinsu. Suka kirawo mai shara, suka kirawo mai gadi, suka kirawo wata mata da ke jinyar 'yarta a gado na shida, kowa ya zo da yarensa ya gwada. Yare bakwai na ƙirga a bakin gadon nan. Kowa sai ya saurara, ya girgiza kai, ya ce wannan ba nasu ba ne. Likita ya tara mu ya tambaya ko tana da wani harshe da ta tashi da shi tana ƙarama. Kawu ko bari ya rufe baki bai yi ba ya ce babu, shi ƙaninta ne ciki ɗaya, abin da muke ji shi take ji. Ina tsaye a wurin na gyaɗa kai, don ni ma haka na sani. Likita ya rubuta a fayil cewa ruɗewar ƙwaƙwalwa ce.

Daga nan komai ya lalace. Tana magana ba a kula ta, sai ta ɗaga murya. In ta ɗaga murya sai a ce ta fara. Ta fizge robar ƙarin ruwa sau biyu, ta buge hannun nas, sai aka shiga yi mata allurar barci safe da yamma. Matar da ta yi shekara talatin tana raba faɗan unguwa, wadda in ta yi magana maza ke yin shiru, ita ce aka ɗaure wa hannunta mai lafiya da ƙyalle a ƙarfen gado. Ni na riƙe hannun aka ɗaure. Wannan ba zan yafe wa kaina da wuri ba.

Rana ta shida da hantsi Kawu yana zaune a kujerar roba ta wajen kanta, ya buɗe jarida ya rufe fuska da ita yadda ya saba tun yana hedimasta. Ni ina wajen taga ina ninke zannuwa. Inna ta faɗi wata 'yar gajeriyar magana, ba da ƙarfi ba, ba ta ma kalli kowa ba. Sai na ga Kawu ya ajiye jarida, ya miƙe, ya zagaya ɗaya gefen gadon, ya ɗaga bargo, ya ɗauko ƙafarta shanyayyiya da ta zame tana reto, ya mayar da ita kan katifa. Yaya, daga inda yake zaune babu yadda za a yi ya ga ƙafar nan. Ni da nake tsaye ma ban gan ta ba, bargo ya rufe ta. Yana ɗagowa muka haɗa ido. Ban taɓa ganin dattijo ya yi tsuru-tsuru irin na ranar ba. Ya ce wai motsin bargon ya gani, ya naɗe jaridarsa ya ce zai je ya sha iska, bai dawo ba sai washegari.

Yana fita wani abu ya faɗo mini. Ka tuna muna yara in muka nufi titi da gudu, akwai wata tsawa da Inna ke daka mana, anduk, mu tsaya cak? Har kwaikwayonta muke yi a bayan gida, kai ka fi kowa iyawa, muna zaton wani ihu ne nata na kanta. To wannan kalmar ita take faɗa wa nas duk sanda aka nufo ta da allura. Kwana huɗu tana cewa a tsaya, mu kuma muna danne ta.

Ni ban yi boko mai zurfi ba, kai aka kai jami'a, amma na san aikina. In mace ta zo awo na auna ƙugunta yau na samu talatin da shida, gobe hamsin, jibi ashirin, to ko dai tef ɗina ya lalace ko ni ce ba ni da hankali. In kuwa kullum abu ɗaya nake samu, awon gaskiya ne. Sai na ɗauko littafin awon shago na juya shi ta baya, na kwance wa Inna hannu, na zazzage jakata a kan tiren abinci: allura, zare, almakashi, madubi, matsefi, na ƙara da kofi da cokali da ɗan gishiri a takarda. Na roƙi nas ta jinkirta allurar safe. Na ɗaga allurar ɗinkina na nuna mata. Ta dube ni, ta dubi allurar, idonta ya kawo ruwa, sannan ta faɗi sunanta a hankali yadda ake gaya wa yaro. Na rubuta yadda kunnena ya ji. Washegari na sauya musu jeri, na fara da gishiri, na ɓoye madubi sai ƙarshe. Abin da ta kira allura jiya shi ta kira ta yau. Haka jibi, haka gata. Kwana takwas ina yi, kalma arba'in da uku, ko ɗaya ba ta sauya ba, sai ma ni da take gyara wa in na karanta ba daidai ba, tana yi mini hararar nan tata da ka sani. Ranar da na nuna mata zif kuwa, na riƙe mata shi ta ja sama ta ja ƙasa, ta taɓe baki, ta yi dariya da rabin fuskarta mai motsi, ta watsa hannu alamar su can ba su san wannan ba. Ka gaya mini wace mahaukaciya ce ke sanin abin da yarenta bai sa wa suna ba.

Na kai wa likita littafin. Matashi ne, kuma ya burge ni, don bai tsaya kare kansa ba. Ya zo da kansa ya ɗaga cokali, ya duba littafi, ya ji ta faɗa. Ya ɗaga kofi, haka. Ya ce ana samun haka, ciwon kan rufe wa mutum harshen da ya koya daga baya ya bar masa na ƙuruciya, wani lokaci Hausar kan dawo a hankali, wani lokaci ba ta dawowa. Ya soke abin da ya rubuta da biro a gabana, ya hana allurar barci. Amma ya ce buƙatar mayar da ita can ɓangaren daga dangi ta fito, ta riga ta wuce teburinsa, dangi ne kuma za su janye ta. Ya sallame mu, ya rubuta mini lambar wata malama da ke binciken harsuna a jami'a. Tun da aka daina allurar Inna ba ta sake bugun kowa ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce abin da sauƙi ba. Ɗakin ka san shi, gado ɗaya ne da durowa da taga mai kallon bangon maƙwabta, mu mun koma falo muna shimfiɗa katifa. Ɗaga ta zuwa bayi sai mutum biyu, bayana ni ma ya fara yi mini irin naka. Akwai ranakun da za ta nemi abu in kawo mata biyar babu wanda take nufi, ta yi fushi ta juya wa bango fuska, ni kuma in fito in taka keke da ƙarfi har zare ya tsinke. Amma da safe in na ɗage labulen da ya raba ɗakin da shago tana ganina ina ganinta. Na ba ta gwangwanin maɓallai tana ware mini su launi-launi da hannunta mai lafiya, kuma in na yi kalmasa ta karkace tun daga gado take hangowa ta yi tsaki. Masu kawo ɗinki suna leƙawa su gaishe ta, ta amsa musu da nata, su amsa da nasu, kowa ya tafi ya gamsu.

Malamar nan da kake tsoron za ta mai da mu abin kallo, da ka gan ta da ka ji kunyar maganarka. 'Yar siririya ce mai tabarau, ta zo da 'yar rikodarta da ba ta kai sabulu girma ba, ta cire takalmi a ƙofa, ta zauna a kan buhun ƙyallaye don ba ni da kujerar kirki. Kafin ta danna komai sai da ta nemi izinin Inna. Na yi mata bayani da Hausa a hankali, don tana jin kaɗan-kaɗan, fitarwar ce ba ta iyawa. Inna ta gyaɗa kai, ta sa na gyara mata ɗankwali kamar hoto za a ɗauka. Zuwa shida malama ta yi, kalmomina arba'in da uku suka haura ɗari huɗu, har da ƙirga da sunayen kifaye da sassan kwalekwale. Ashe mutanen bakin ruwa ne. Shekara arba'in ina kallon yadda Inna ke gyara kifi cikin ƙiftawar ido, ban taɓa tambayar inda ta koya ba.

A zuwanta na shida ta zaunar da ni ta gaya mini abin da ta gano. Ta ce harsuna ma suna da iyaye da 'yan'uwa, in ka jera kalmomin ruwa da wuta da ido da ƙirga na harsuna biyu 'yan gida ɗaya za ka ga kama, ko da sun yi shekaru dubbai da rabuwa. Ta jera na Inna da na duk harsunan da ke kewaye da mu, manya da ƙanana, ta aika wa abokan aikinta na wasu ƙasashe, in ban da 'yan kalmomin aro babu wanda ya yi kama da shi. Ta ce ba za ta yanke hukunci da wuri ba, amma ga dukkan alamu yana cikin harsunan da ba a san danginsu ba. Na tambaye ta ko mu kaɗai Allah ya yi wa haka. Ta yi dariya ta ce sun fi ɗari a duniya. Akwai na mutanen Bask a tsakanin Sifaniya da Faransa, manyan harsuna sun sa shi a tsakiya shekaru aru-aru, an taɓa hana shi a makarantu, yau ga shi da jaridu da talabijin, masu magana da shi sun haura rabin miliyan. Akwai Burushaski a duwatsun arewacin Pakistan, akwai Hadza a Tanzaniya da masu shi ba su fi kamar dubu ɗaya ba. Akwai kuma Ainu a arewacin Japan, wanda aka yi ta kunyata masu shi har iyaye suka daina koya wa 'ya'yansu, yanzu jikoki ne ke bin tsofaffin faifai suna tsintar abin da ya rage. Da ta zo nan na ce ta dakata haka, wannan labarin na san shi. Ta ƙara da cewa rashin sanin dangin harshe ba ya nufin daga sama ya faɗo. Ko dai 'yan'uwansa sun mutu sun bar shi, ko rabuwar ta yi nisan da kamar ta goge, shi ne dai wanda ya rage.

Muna cikin haka sai ga Kawu da motar haya a bakin shago, wai ya zo ya ɗauki yayarsa ya ajiye ta a gidansa kafin takardarka ta iso. Ya tsinci ƙarshen maganar malama daga ƙofa, kuma abu ɗaya kawai ya riƙe a ciki, wato ba dangi. Yaya, na san Kawu da faɗa, amma ban taɓa ganin ya fusata haka ba sai ranar. Ya ce abin da ya yi shekara sittin yana binnewa shi na tono, har na kira baƙuwa ta buga masa hatimi. Cikin faɗan ne labarin ya fito, ba don ya yi niyya ba. Ashe shekararsa bakwai, Inna sha biyu, lokacin da ƙauyensu ya watse suka shigo gari da kakarmu. A makaranta in ya buɗe baki sai yara su yi ta yi masa kukan tsuntsu da fito, ana ce musu marasa asali, waɗanda ba wanda ya san inda suka fito. Ya ce tun yana aji uku ya rantse ba mai sake jin yaren nan a bakinsa, kuma ya cika, ko matarsa ba ta sani ba, balle 'ya'yansa da surukansa. Ya ce a can ɓangaren za a kula da ita, kuma duk abin da ta faɗa ba mai tambayar ko mene ne.

Wallahi na tausaya masa. Na hango shi ɗan shekara bakwai da gajeren wando a tsakiyar fili ana yi masa dariya. Amma tausayi daban, miƙa masa uwata daban. Tun da aka haife ni ban taɓa ɗaga wa Kawu murya ba, ranar na ɗaga, har masu jiran ɗinki biyu suka sulale suka fita. Na ce masa yaran da suka yi masa kukan tsuntsu yanzu rabinsu suna ƙasa, sauran ba su da haƙoran yin fito, amma shi har yau biyayya yake yi musu. Na ce ya zauna kwanaki a gefen yayarsa yana jin duk abin da take faɗa, yana ji tana cewa a tsaya, ya rufe fuska da jarida. Na ce ya gwammace a ce 'yar'uwarsa ta haukace da a ce tana da yare. Na ce in harshen ba shi da dangi, ita mai harshen tana da su, ga ni nan ɗaya, kuma ba ni da niyyar matsawa ko'ina. Maigidana da ya shigo ana tsaka da yi sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ta ba da haƙuri, bai ma san wanda yake ba wa ba.

Inna duk tana ji daga ɗaki, labule kawai ya raba mu. Sai muka ji ta kira shi, ba da sunan da muka sani ba, da wani daban, gajere. Ya yi kamar bai ji ba. Ta sake kira, irin kiran da babbar yaya ke yi wa ƙaninta in ya yi laifi. Kawu, hedimastan da malamai ke ɓuya in sun hango shi, ya ɗaga labule ya shiga kansa a sunkuye. Ta fi minti goma tana yi masa magana. Malama ta kashe rikodarta da kanta ta sa a jaka, ta ce wannan ba namu ba ne. Ni dai ban gane ba sai kalma ɗai-ɗai, na ji ruwa, na ji uwa, na ji tsaya. Can sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana amsa mata da yaren. Ya yi masa tsatsa, tana gyara masa yadda take gyara mini, amma yana nan a bakinsa duk shekarun nan.

Ya fito bai dubi kowa ba, ya sallami direba. Na bi shi har bakin titi, don akwai abin da ke cin raina. Tun a asibiti akwai wata magana guda da Inna ke maimaitawa safe da rana tana kallon ƙofa, malama ma ta kasa warware ta don ba abin da za a ɗaga a nuna ba ne. Na faɗa masa ita yadda na iya, na ce ya dubi Allah ya gaya mini. Ya mai da fuskarsa wajen motoci. Sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, kai Yaya take tambaya. Ya ce lokacin da aka haife ka yana zaune a gidanmu yana karatu, kuma in Baba, Allah ya jiƙansa, ya fita aiki, da yarenta Inna take yi maka hira wuni guda, tana wanki tana yi, tana shara tana yi, don kai kaɗai ne ba za ka fallasa ta ba. Har suna ta sa maka a ciki, ma'anarsa abokin hirata. Da ka fara magana sai ka faɗi wata kalma a gaban baƙi, aka yi dariya aka tambayi wane yare ne wannan, shi kuma Kawu ranar ya sa ta a gaba har sai da ta yi alkawarin dainawa. Ni da Auta ba mu samu komai ba sai tsawar titi. Kai shekara biyu cur ka sha. Abin da take ta faɗa, wanda ka kira sambatu a saƙonka, cewa take yi ina abokin hirata.

Ban rubuta wannan don in sa ka kuka a gaban matarka ba, ko da yake in ka yi ma ba laifi. Ka yi nisa, abin da aka gaya maka shi ka ɗauka, ni da nake kusa ma ai na riƙe hannunta aka ɗaure. Amma yanzu ka sani. Kada kuma ka ɗauka Kawu ya sauko. Bai janye buƙatarsa ba, ya ce magana tana hannunka, kai ne babba, abin da ka sa wa hannu shi za a yi. Ya kuma ce in sunansa ya fito a wani bincike ba shi ba ni. Na ce masa sunansa nasa ne, ya riƙe abinsa, amma muryar Inna tata ce, kuma ta ce a naɗa. Malama za ta ci gaba da zuwa ranakun Talata da Asabar. 'Yan biyu sun riga sun iya ƙirga har goma, suna daka wa juna anduk a tsakar gida, Inna tana jin su tana dariya har da tari. In za ka yi fushi da ni kan wannan, bismillah, na saba da fushinka tun ranar da na yanke wandon makarantarka na ɗinka wa 'yar tsana riga.

Kafin Kawu ya tafi ranar na tambaye shi yadda ake amsa kira da yarensu, a ce ga ni. Ya ce ya manta, ya tari mota ya shige. Washegari da na fito buɗe shago sai na tsinci 'yar takarda an turo ta ƙarƙashin ƙofa, an yago ta daga gefen jarida. Kalma ɗaya ce a jiki, babu sa hannu, amma miƙaƙƙen rubutun nan da ya cika katin jarrabawarmu ko a mafarki na gan shi zan gane. Ban gwada ta a kan Inna ba. Na so in yi, har na buɗe baki, sai na tuna ba ni ake kira ba.

Ka gaishe mini da matarka, Antinmu mai haƙuri, ka ce mata rigar da ta aiko da awonta na kusa gamawa, hannu kawai ya rage. Ka gaishe da yara, Babban Mutum da Sarauniya, da ɗan autanku Mai Kumatu da ban taɓa gani ba sai a hoto. Maigidana yana gaishe ka, ya ce in gaya maka shi ba ruwansa, ko da yake shi ya ɗauko Inna daga asibiti a motarsa. Auta tana gaisuwa, ta ce ka sani ita ma tana bayana da cikinta da komai. Gwaggo ta wajen Baba tana sa maka albarka. 'Yan biyu suna gaida kawunsu, sun ce in tuna maka alkawarin ƙwallo.

Inna kuwa ba zan ce tana gaishe ka ba, kiranka take yi. Na sa guntun jaridar a cikin ambulan ɗin nan, ka duba da kyau kada ya faɗi. Yanzu takarda biyu ke gabanka, duka daga hannun Kawu suka fito, ɗaya tana jiran sa hannunka, ɗayar tana jiran bakinka. Wanda na ba saƙon ya ce ran Alhamis zai damƙa maka shi hannu da hannu. Ranar Lahadi da ƙarfe huɗu na yamma agogonmu zan rufe shago, in kira ka, in ɗora mata wayar a kunnenta da ya fi ji. Ba zan ce komai ba, ba zan ma gaya mata kai ne ba. In ka faɗi kalmar ba daidai ba kada ka damu, za ta gyara maka.

Allah ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka da ka ce ba ta jin magana,
Tela